Saura Mil Uku

In kana son sanin halin Orval Pokorny, kada ka tambaye shi, ka tambayi matarsa Lorene. Ita takan ce shekara arba'in da ɗaya suna tare, ba ta taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba, amma tana da injin wanki biyu, da tukwanen da ta rasa inda za ta ajiye, da wani agogon bango mai tsuntsu a ciki, wanda ya shigo gidan washegarin ranar da ya manta da ita a gidan mai ya yi tafiyarsa. Bakanikenmu kuwa yakan ce ranar da Orval ya yi baya da mota ya take masa akwatin kayan aiki, ko kallonsa bai yi ba, amma da gari ya waye ya tarar da sabon akwati ja, ya fi wancan girma. Direbobi sun mayar da abin doka. In ka buɗe mota ka ga sababbin safar hannu a kan kujera, to ka zauna ka yi tunani, maigida ya yi maka laifi, ko da kai ba ka lura ba.

Ba mugu ba ne, kowa ya yarda da wannan. Bakinsa ne kawai kamar motar da ba a sa mata wannan giyar ba.

Manyan motoci goma sha huɗu gare shi a gefen garin Kearney. Muna ɗaukar naman shanu mai sanyi mu yi yamma da shi, mu dawo da dankali ko lemo. Lodi ba ya yanke mana, motoci ma lafiyarsu lau. Abin da ke hana Orval sukuni shi ne wanda zai zauna a bayan sitiyari. A bayan kowace tirela ya sa an rubuta MUNA NEMAN DIREBOBI da manyan baƙaƙe, da lambar waya a ƙasa. Wani direbanmu mai surutu, Tiburcio, ya ce akwai ma'aikatan wani sito a Utah da har yau suna tsammanin sunan kamfanin ke nan.

Ni sunana Wendell. Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙi kafin bayana ya ce ya gaji. Na shiga makarantar manya ta yamma, na karɓi takardar gama sakandare ina da shekara hamsin da huɗu. Da na nuna wa Orval takardar, ya juya ta gaba da baya, ya ba ni tebur kusa da tukunyar kofi.

"Ni zan kamo su, kai ka riƙe su," in ji shi.

"Da me zan riƙe su?"

"Da kunnuwan nan naka. Ban ga wani aikin da suke yi ba."

Aikin ke nan. Direba ya shigo ya zuba kofi, ya zauna, ni kuma in yi shiru. Abin da na koya shi ne direba ba ya faɗin dalilin tafiyarsa da kofin farko. Zai ce albashi, ko ya ce hanya ta yi nisa. Sai ya kai ƙasan kofi na biyu kake jin cewa sau biyu ke nan 'yarsa tana wasa a makaranta yana can yana jiran lodi a Idaho. Wasu na riƙe, wasu sun tafi.

Wadda ban taɓa tunanin za ta zauna a wannan kujera ba ita ce Marlys Haugen. Shekararta hamsin da bakwai, gajera ce, sai ta ɗora matashi take hangen hanya sosai, amma tana iya cusa tirela a rariyar da kai ba za ka yarda ka shiga da keke ba. Rabin direbobinmu ita ta koya musu aiki. Tiburcio ba ya kiranta da komai sai uwar ɗakina. Motarta lamba shida ce, koriya shar, kuma Koriya take ce mata. Shekara tara suna tare, ba wanda ya isa ya matsar da kujerar ko da bakanike ne.

A farkon bazarar nan wani babban kamfani daga Omaha ya fara yi wa Marlys waya. Ita ba ta kula su ba, amma labari ya kai kunnen Orval, hankalinsa ya tashi. Bai tambaye ta komai ba. Ya jira ta tafi hutun kwana huɗu wurin ƙanwarta, ya yi abin da ya iya.

Ranar Litinin da safe ya tara mu a fili, da kwalin cincin mai zagaye a hannun Lorene. Ga sabuwar mota fara fat an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi, an rubuta Marlys a ƙofa da ruwan zinariya. Akwai firji a ciki, ga gado mai faɗi. Orval yana tsaye yana murmushi kamar uban ango.

Marlys ta sauko daga ƙaramar motarta, ta dubi farar, ta dubi inda Koriya ta saba tsayawa.

"Ina Koriya?"

"Ta yi ritaya," in ji Orval. "Tana Denver, wurin dillali. Ke dai shiga ki ji ƙamshin sabuwa."

Ta ce, "Na gode." Ta hau, ta ɗauki lodinta, ta tafi. Orval ya juyo yana kaɗa kai, ya ce mini, "Ka ga yadda ake riƙe direba."

Wata Litinin ta zagayo, ta ajiye ambulan a kan teburina. Sanarwar barin aiki ce, mako biyu. Ko kofi ba ta zuba ba.

Ban kai takardar ofis ba, na sa ta a aljihun rigata, na je na gaya wa Orval da baki. Ya kasa gane komai. Ya ce wataƙila launin ne ba ta so. Daga ranar kaya suka fara sauka a kujerar farar mota. Safar hannu ta fata. Butar shayi mai riƙe zafi. Sabon matashi. Har da wata fitila mai maganaɗisu da shi kansa bai san amfaninta ba. Duk abin da ta tarar, sai ta kawo ta ɗora a teburina. Kafin mako ya ƙare sai na leƙo ta gefe nake ganin wanda ya shigo.

"Baba Wendell, ka buɗe kanti ne?" in ji Tiburcio. Ya ɗauki fitilar ya manna ta a jikin firji, sannan ya rage murya. "Ba wasa nake ba, in uwar ɗakina ta tafi, ni ma na bi ta. Da ni da wasu biyu. Kare ba ya zama a gidan da aka kwashe tukunya."

"Ta gaya maka dalili?"

"Ni? Ta ce in je in duba iskar tayata."

Ranar Laraba ta makon ƙarshe na same ta a bayan gareji tana wanke gilashin farar motar. Duk da za ta bar ta, ba za ta miƙa ta da datti ba. Na ɗauki bokitin na riƙe mata. Ta wanke gefen dama, ta wanke na hagu, ta goge madubai, ta sake komawa na dama. Hannuna ya fara sagewa, ban ajiye ba.

"Ba ka gajiya da shiru, kai," in ji ta.

"Da shi ake biyana."

Ta matse soson ta jefa a bokiti.

"Da mil goma sha ɗaya kacal a mitar tafiyarta na karɓi Koriya. Akwai wani guntun kwali da na maƙale a bayan abin kare rana. Duk lokacin da mita ta cika dubu ɗari, ina rubuta inda nake. Na farko a Wyoming, ƙanƙara tana zuba. Na biyar ina layin shiga mayanka, ina tafiya kamar kunkuru, wari ya cika motar. Na tara ya wuce ni, atishawa ta kama ni, kafin in buɗe ido ya juya." Ta yi 'yar dariya. "Layi ɗaya ya rage a kwalin nan, Wendell. Saura mil ɗari bakwai da ɗoriya ta cika miliyan, lambobin nan duka su koma sifiri a gabana. Inji ɗaya, direba ɗaya, ko kaza ban taɓa takewa ba. Har na sayi kyamara."

Na ajiye bokitin.

"Da ya leƙa mitar, da ya gani. Da ya tambaye ni, da na gaya masa ya ba ni kwana biyu kawai. Amma Orval ba ya tambaya, sai dai ya saya. Farar nan ba ta yi mini komai ba, mota ce mai kyau. Ni dai ba zan yi wa mutum aiki ba, alhali yana ganin ni ma akwatin bakanike ce."

Washegari da sassafe na shiga ofishin Orval na rufe ƙofa. Na gaya masa zancen mita da na kwali. Ya zauna a hankali, fuskarsa ta yi ja har kunne. Shi ma direba ne a da, ya san abin da ya aikata. Kafin in kai ƙarshen magana ya ɗauki waya. Dillalin ya ce motar tana nan ba a saya ba, zai mayar, amma ba a farashin da ya karɓa ba. Orval ko ciniki bai yi ba.

"Maigida," na ce, "motar rabin zancen ce."

"Rabin me? Mota take so, mota za ta samu. Ɗauko hularka."

Muka bi wata motarmu mai zuwa Denver da lodi, muka kwana a can. Ranar Juma'a, ranar ƙarshen Marlys, da hantsi muna filin dillalin. Ga Koriya a tsakanin wasu tsofaffi, an kankare sunan Marlys da ke ƙofa, amma in ka karkata kai kana ganin inuwarsa. Orval ya hau ya kunna, ya sunkuya ya karanta mita.

"Saura ɗari uku da hamsin da biyar. Littafi ya ce daga nan zuwa gida ɗari uku da arba'in da biyu ne. Za mu kai mata da ragowar goma sha uku, ta zagaya gari da su."

Littafin nan kowa a sana'armu ya san shi. Da shi kamfanoni suke auna nisan gari da gari in za su biya direba. Daga gidan waya zuwa gidan waya yake ƙirgawa, ta hanyar da ta fi kowace gajarta, ko da hanyar akuya ce. Duk direba ya san taya ta fi littafi tafiya. Orval kuwa tun da ya bar tuƙi ya koma ofis ya rungumi littafin kamar a coci aka ba shi. Na buɗe baki, na dubi yadda yake murna, na rufe. Na ce a raina bari hanya ta faɗa masa.

Ya tuƙa, ni ina gefe da fensir da ɗan littafina na aljihu. Yana ta ba ni labarin zamanin da yake ɗaukar shanu da ransu, ni kuma duk allon hanya da muka wuce sai in rubuta abin da allon ya ce, in leƙa mita, in ɗebe. Lissafina ba shi da sauri, amma ba ya ɓata. Da muka wuce North Platte na yi sau uku, amsa ɗaya take fitowa. Bayan Lexington na ga in na ƙara yin shiru zan zama abokin laifi.

"Maigida, allo ya ce saura mil talatin da uku."

"Na gani."

"Mita ta ce saura ashirin da uku."

Ya leƙa. Ya sake leƙawa. Ya ɗaga ƙafa daga totur kamar ya taka garwashi.

"Allon ne ba daidai ba."

"To."

Muka yi ɗan nisa, wani allon ya zo, ya goyi bayan ɗan'uwansa. Gumi ya fara tsatstsafo masa. Ka sayar da motar mace tana gab da miliyan, wannan laifi ne. Ka dawo da ita ka cinye miliyan ɗin da ƙafarka, a kan kujerarta, wannan ko injin wanki goma ba za su wanke shi ba.

"In na tafi da ribas, mitar tana komawa baya?"

"A babbar hanya, maigida?"

"To mu cire wayar mitar."

"Marlys ce fa. Ta san nisan Denver fiye da sunan jikokinta."

Ya yi ta jan motar a hankali yana fatan hanya ta taƙaita, har wasu suna danna mana hon. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya sauka a wata mahaɗa, ya shiga filin wani rumbun masara, ya ja birki, ya kashe inji. Saura mil uku. Garejinmu kuwa yana can gaba da mil goma sha uku. Ba kowa a wurin sai iska da wasu tattabaru a kan rumbu.

Ya daɗe yana kallon sitiyari, sannan ya miƙo mini waya.

"Kira ta."

"Ni kunne ne, maigida. Kai ka faɗa."

Ya harare ni, ya danna lambar gareji da kansa. Lorene ce ta ɗauka. Ina jin hayaniya a bayanta, ana liyafar sallamar Marlys. Orval ya yi bayani a gajarce, yana kallon taga. Sai na ji dariyar Tiburcio a wayar kamar ana yanka shi.

Ba a yi minti ashirin ba sai ga ƙura. Motoci huɗu a jere, da bakanike, da direbobi biyar, da Lorene riƙe da rabin kek ɗin sallama a cinyarta. Tiburcio ne ya fara dira.

"Maigida, sannu da hanya. Me littafi ya ce? Ai a littafi yanzu kana gida ka yi wanka."

"Rufe mini baki."

"Shekara shida ina gaya maka taya ta fi littafi gaskiya. Yau ga shi Koriya ta tsaya mini shaida."

Marlys ta fito daga baya. Ba ta dubi kowa ba. Ta zagaya Koriya sau ɗaya, tana dukan kowace taya da tafin hannu, ta tsaya a ƙofa ta shafa inda aka kankare sunanta. Ta hau. Muna ganinta ta gilashi, ta sauke abin kare rana, kwalin ya faɗo mata a cinya. Ta dube shi, ta mayar. Ta sunkuya kan mita, ta daɗe a sunkuye. Sannan ta sauko.

"Wa ya matsar mini da kujera?"

"Ƙafafuna sun fi naki tsawo," in ji Orval. Ya miƙa mata makulli. "Ga ta. Saura uku, ban taɓa su ba. Naki ne."

Ta zuba hannayenta biyu a aljihun wando.

"Zan sa a sake rubuta sunan," in ji shi. "Da zinariya. Farar ma ki riƙe, ki tuƙa wadda kika ga dama. Littafin nan kuma zan duba zancensa."

"Kun ji da kunnenku," in ji Tiburcio, bakanike ya taka masa ƙafa.

Marlys ta juyo gare ni. "Wendell, takardar nan tawa ka kai ofis?"

"Tana aljihuna."

"To riƙe ta tukuna. Akwai abin da nake jira. In na ji shi, ka yaga ta, in hau in cika mil ukuna, Litinin in ɗauki lodin Utah. In ban ji ba, ka kai, a yanka sauran kek ɗin a nan."

Hannun Orval yana nan a miƙe, makullin yana lilo. Ya dube ni, na dubi tattabaru. Ya dubi matarsa. Lorene ta ajiye kek ɗin a kan murfin mota, ta goge hannunta, ta matso kusa ta naɗe hannu a ƙirji.

"Kada ka yi sauri, tsoho," in ji ta. "Shekara arba'in da ɗaya nake jiran in ji yadda take fita. Ka faɗa da ƙarfi, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

Ya sauke hannun. Ya cire hularsa, ya murɗe ta, ya yi gyaran murya sau biyu kamar tsohon inji da sanyin safiya. Sannan ya ɗago ya dubi Marlys a ido.

"Shekara tara kina cikin motar nan, na sayar da ita ban tambaye ki ba. Ban kyauta ba, Marlys. Ki yi haƙuri."